Yadda Ake Rubuta Waƙa a Kan Mata Masu Zaman Zuhudu a Gidajen Ibada

Marubucin da ya yi niyyar tsara waƙa a kan matan da suka keɓe kansu a gidajen zuhudu na Kiristanci, abu na farko da ya kamata ya tantance shi ne ko su wane ne yake magana a kansu. Yawancin mutanenmu sun san sista mai koyarwa a makarantar mishan ko mai jinya a asibiti, wadda take shiga kasuwa, take hawa mota, take mu'amala da jama'a kullum. Matan da wannan bayani ya shafa wasu ne daban, domin su suna shiga gida guda ne da niyyar zama cikinsa har mutuwa, ba sa fita sai da larura mai ƙarfi kamar zuwa asibiti, kuma babban aikinsu shi ne addu'a. A cikinsu akwai mabiya ƙa'idar Benedikt na Nursiya, wanda ya rubuta ta a Italiya a ƙarni na 6, da mabiya Klara ta Asisi, wadda ta bar gidan iyayenta a 1212, da kuma 'yan Karmel, waɗanda Teresa ta Abila ta sabunta tsarinsu a ƙasar Sifaniya lokacin da ta buɗe ƙaramin gidanta na farko a 1562. Kowace ƙungiya tana da tufafinta da al'adunta da irin alwashin da take ɗauka, saboda haka ka zaɓi guda ɗaya da zamani ɗaya ka tsaya a kansu, kada ka haɗa su ka fito da wata mace da ba a taɓa yin irinta ba.

Yawancin waƙoƙin da mutanen waje suke yi a kan wannan rayuwa suna faɗawa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai su mai da gidan kurkuku, su cika baitoci da kukan budurwar da aka raba da masoyinta, ko kuma su mai da shi aljannar duniya inda babu gajiya babu ɓacin rai. A ganina duka biyun lalaci ne, domin marubucin ya tsaya a bakin katanga yana hasashe, bai nemi sanin abin da ake yi da ƙarfe huɗu na asuba ko bayan cin abincin rana ba. Maganin wannan shi ne ka fara da lokaci kafin ka taɓa zancen katanga.

Ranar mai zaman zuhudu a yanke take gunduwa-gunduwa, kuma ƙararrawa ce take yanka ta. Akwai addu'ar dare ko ta kafin alfijir, sai ta fitowar rana, sai gajeru guda uku da hantsi da tsakar rana da wajen ƙarfe uku, sai ta maraice, sai kuma ta ƙarshe kafin kwanciya. Ginshiƙin waɗannan addu'o'i shi ne Zabura, wadda ake rerawa sahu biyu suna fuskantar juna, wannan ɓangare ya ɗauki aya, wancan ya amsa da ta gaba. Ƙa'idar Benedikt ta tsara a sauke zabura 150 ɗin duka a cikin mako guda, ta kuma umarci mutum ya ajiye duk abin da ke hannunsa da zarar ya ji kira, ko bai gama ba. Bayan addu'ar ƙarshe sai a shiga babban shiru, ba a sake magana sai gari ya waye. A wajen cin abinci ma ba a hira, mutum ɗaya ce take karanta littafi da ƙarfi sauran suna ci suna saurare. Idan ka riƙe wannan tsari da kyau, ka riga ka sami ƙashin bayan waƙarka, domin kana iya ba kowace addu'a baiti ɗaya ko biyu, waƙar ta tashi cikin duhu ta kwanta cikin duhu, ko kuma ka ɗauki lokaci guda kawai ka zauna a kansa.

Daga nan sai ka nemi kayan da hannu yake taɓawa. Abin da ya fi dacewa da waƙa a cikinsu, a nawa ra'ayin, shi ne akwatin nan mai juyawa da ake ginawa a jikin bango kusa da ƙofa. Kamannin ganga gare shi, an yi shi da katako, an buɗe gefensa guda, yana juyawa a kan sanda. Baƙo zai ja igiyar ƙararrawa, ya ji muryar mace daga ciki tana gaishe shi ba tare da ya ga fuskarta ba, ya faɗi abin da yake so, ya sa kuɗinsa a ciki, ya juya, jim kaɗan akwatin ya dawo masa da kayan zaƙin da aka toya a gidan. Har yau ana sayen alewa da biskit ta wannan hanya a wasu gidajen zuhudu na biranen Sifaniya irin su Sebil da Toledo. Ta nan wasiƙa take shiga, ta nan labarin rasuwar uba yake isa, ta nan roƙon a yi wa mara lafiya addu'a yake wucewa. Akwai kuma ragar ƙarfe da ke raba ɗakin ganawa gida biyu, inda uwa take zama a wannan gefe 'yarta a wancan. Sauran kayan su ne lulluɓi, fari ga mai koyo, baƙi a yawancin ƙungiyoyi ga wadda ta ɗauki alwashi, da lambu, da ɗakin ɗinki, da murhun da ake gasa gurasar Jibin Ubangiji don sayar wa majami'u. Abu ɗaya daga cikin waɗannan, idan an kalle shi sosai, ya fi baiti goma na kalmomi irin su kaɗaici da natsuwa da tsarki.

Ga misalin ɗanyen aiki kafin a daidaita kari. Marubucin da bai yi bincike ba zai iya cewa an kulle yarinya a ɗaki tana kuka babu mai jin ta. Wanda ya san tsarin gidan kuwa yana iya sa ta ta ce:

Ƙararrawa ta buga ina ɗinki,
Na bar allura tsaye a bakin riga.
Wadda muka yi saɓani da hantsi,
Ita ce a damana, da ita zan shiga.

Baitocin ba su ambaci biyayya ko haƙuri ba, amma allurar da aka bari ta nuna na farko, abokiyar saɓanin kuma ta nuna na biyu. Wannan ya kawo mu ga abin da mutanen waje suka fi mantawa, wato cewa wahalar wannan rayuwa ba ta tsaya ga rabuwa da duniya ba, ta fi yawa a zama da mutane kaɗan waɗanda ba kai ka zaɓe su ba, shekara da shekaru, a teburi ɗaya da sahu ɗaya. Teresa ta Abila ta fara ƙayyade adadin matan kowane gida ga 13, daga baya aka ƙara zuwa 21, ta kuma ware musu lokacin hira da nishaɗi bayan cin abinci, domin ta san zaman tare yana bukatar dariya. Ita kanta takan tsara wa 'yan'uwanta gajerun waƙoƙi na bukukuwa, har akwai wadda suka rera suna roƙon Allah ya tsare sababbin rigunansu masu kaushi daga ƙwarƙwata. Duk wanda ya san wannan ba zai ƙara rubuta waƙar da kowa a cikinta yake sunkuye da kai yana hawaye ba.

Sai batun murya, wato wane ne yake magana a cikin waƙar. Kana iya magana da bakinka a matsayin baƙo, ko da bakin uwa a ɗakin ganawa, ko da bakin ita mai zaman zuhudun. Na ƙarshen ya fi daɗi amma ya fi haɗari, kuma kafin ka gwada shi ya kamata ka karanta abin da matan suka rubuta da kansu, ko da a fassara ne. Hildegad ta Bingen, wadda ta rayu a Jamus daga 1098 zuwa 1179, ta bar waƙoƙin ibada sama da 70 tare da sautinsu, cike da hotunan tsiro da haske da danshi. Sor Juana Inés de la Cruz ta shiga gidan San Jerónimo a birnin Meziko a 1669, ta faɗa ƙarara cewa ƙin aure da son karatu suna cikin dalilanta, ta riƙe lissafin kuɗin gidan, ta tara littattafai, ta rubuta waƙoƙin soyayya da na sukar mazan da ke zargin mata da laifin da su ne sanadinsa. A wasiƙar da ta rubuta a 1691 tana kare haƙƙin mace na neman ilimi, ta kawo misali da abin da ta lura da shi wajen soya ƙwai a madafa. Ta rasu a 1695 tana jinyar 'yan'uwanta a lokacin annoba. A gefe guda kuma akwai Arcangela Tarabotti ta birnin Benis a Italiya, wadda aka sa a gidan zuhudu tun tana yarinya ba da son ranta ba, ta kuma yi rubutu mai zafi a kan iyaye maza masu yin haka. Dalilinsu na kuɗi ne, domin a Turai ta wancan zamani dangin amarya ne suke biyan dukiya mai yawa ga miji, abin da ake bai wa gidan zuhudu kuwa bai kai haka ba. Waɗannan mata uku ba su da murya ɗaya, kuma dole ka yanke shawara ko wacce irin mace ce take magana a waƙarka, da abin da ya kawo ta, da shekarun da ta yi a ciki.

Zamani ma yana canza abin da zai yiwu a faɗa. Paparoma Bonifas na Takwas ya wajabta tsananin keɓewa ga dukan irin waɗannan mata a 1298, Taron Trent, wato babban taron shugabannin majami'ar Katolika, ya sake ƙarfafa dokar a 1563, daga nan aka ƙara tsawon katangu aka toshe tagogi a wurare da yawa. A yau kuwa, bisa umarnin da fadar Batikan ta fitar a 2018, mace takan yi aƙalla shekara 9 tana bin matakan koyo da alwashi na wucin gadi kafin ta ɗauki na dindindin, kuma tana da damar komawa gida a cikin wannan lokaci. Labarin tilas ya dace da Benis ta ƙarni na 17, amma idan ka ɗora shi a kan gidan 'yan Benedikt da ke Umuoji a jihar Anambra a wannan zamani, ka yi wa mutane ƙazafi.

Marubuci Bahaushe yana da wasu tarkuna na kansa. Kulle da muka sani na matar aure ne a gidan mijinta, halwa kuma ta kwanaki ce ƙididdigaggu, mutum ya gama ya koma cikin iyalinsa. Waƙoƙin zuhudu da wa'azi na malamanmu, har da na Nana Asma'u, mutane ne masu aure da 'ya'ya da ɗalibai suka yi su, suna kira a rage son duniya alhali ana cikinta. Kana iya aron natsuwar harshensu, amma kada ka ɗauka ma'anar ɗaya ce. Haka nan, idan mai magana a waƙar Bakatolika ce, ka sa mata kalmomin da Kiristoci masu jin Hausa suke amfani da su, irin su Ubangiji da Yesu Almasihu da Budurwa Maryamu da sujada, kada ka buɗe mata baki da salon buɗe waƙa na wani addini. Idan kana son buɗewa da rufewa irin na gargajiyar rubutacciyar waƙa, ka yi su da muryarka kai marubuci, ka ware su daga maganarta.

Game da siga, taƙaitawa ta fi dacewa da wannan jigo. Wordsworth, mawaƙin Ingila, ya taɓa kwatanta ƙuncin ɗakin mai zaman zuhudu da ƙuncin waƙa mai layi 14 a wata waƙa da aka buga a 1807, yana nufin cewa iyakar da mutum ya zaɓa wa kansa ba ta zama masa kurkuku. A Hausa, ƙwar biyu mai amsa-amo guda daga farko har ƙarshe tana ba da irin wannan sakamako, domin ɗango biyun suna amsa wa juna kamar sahu biyun masu rera Zabura, maimaituwar harafi ɗaya kuma tana kawo jin ranakun da suke kama da juna. Ƙwar biyar tana da faɗi, kuma faɗin yakan ja marubuci ya cika gurbi da wa'azi. Ka guji kirari da zuga da kambamawa, ka bar wasu baitoci su ƙare ba tare da bayani ba, ka kuma ƙyale shakka ta shigo, domin matan da kansu sun rubuta a kan lokutan da addu'a take bushewa. Teresa ta Lisiyo a Faransa, wadda ta rasu da tarin fuka a 1897 tana da shekara 24, ta bayyana duhun da ta shiga a watanninta na ƙarshe, ta ce a lokacin tana rera abin da take son ta gaskata ne.

Idan ka gama daftari, ka karanta shi da ƙarfi ka ji inda kari ya karye, sannan ka bi shi ɗango-ɗango ka cire duk wanda za a iya ɗauka a sa a waƙar fursuna ko ta bazawara ba tare da an canza komai ba. Bayan haka ka kai wa wanda ya san rayuwar, sista ko fada a majami'ar Katolika mafi kusa da kai, ka roƙe shi ya duba maka launin lulluɓi da jerin addu'o'i da yadda matan suke kiran shugabarsu da junansu. Gidaje da yawa suna amsa wasiƙa, wasu ma suna da adireshin intanet da ɗakin saukar baƙi, sai dai ka rubuta tambayoyinka a taƙaice, ka kuma ba su lokaci, domin a kwanaki 40 na azumin da ke gabatar Ista wasu gidajen sukan dakatar da amsa wasiƙu da karɓar baƙi sai bayan biki.