Yadda Ake Karanta Alamomi a Zanen Coci na Tsakiyar Zamani

Kada ka fara da fuska. Masu zanen Turai na ƙarni na 13 da na 14 ba su damu da kamannin mutum ba, alama suke ba shi. Fara da da'irar hasken da ke bayan kai: wadda ke da gicciye a ciki ta Yesu ce, zalla kuwa ta Maryamu ce, ko mala'ika, ko wani mai tsarki. In ka ga mai kusurwa huɗu, kamar a wasu tsofaffin majami'un Roma, mutumin yana raye lokacin da aka zana shi.

Sai ka duba hannu. Makulli na Bitrus ne, takobi na Bulus. Mai rigar gashin raƙumi da ɗan rago, Yohanna Mai Baftisma ke nan. Alamomin marubutan Bishara huɗu: Matiyu mutum mai fukafukai, Markus zaki, Luka bijimi, Yohanna (ba Mai Baftisma ba) gaggafa. Girman jiki matsayi yake nunawa, shi ya sa a babban allon bagadin da mai zane Duccio ya gama wa babban cocin birnin Siyena na Italiya a 1311 Maryamu ta ɗara duk masu kewaye da ita.

Launi ne ya fi tuntuɓar da mutane. Zinariyar baya hasken Mulkin Sama ce, ba sararin samaniya ba. Shuɗin mayafin Maryamu mai kyau daga dutsen lazuli na Badakshan a Afganistan ake niƙa shi, mai tsadar gaske. Wanda aljihunsa bai kai ba sai ya sa a yi masa da azurait, wani shuɗin dutse mai araha, shi kuwa yakan yi duhu ko ya koma kore da tsufa. Don haka baƙin mayafi ba lallai makoki ba ne. Haka koriyar fuska: ana fara shimfiɗa koriyar ƙasa, sannan a ɗora launin fata da aka dama da gwaiduwar ƙwai. In na saman ya goge wajen wanki, koren ya fito. Abin takaici ne a ji ana fassara wannan ɓarna da cewa alamar mutuwa ce.

Ka kuma tambaya ko allon cikakke ne. Na Duccio an tsaga shi da zarto a 1771, wasu ɓangarorinsa yanzu suna Landan da Washinton. In mai tsarki yana kallon gefen da babu kowa, galibi wanda yake kallo yana kan ɓangaren da aka raba shi da shi.