Yadda Ake Barbarar Dabino Da Hannu

Dabino namiji daban yake, mace daban, kuma iska kaɗai ba ta isar da garin furen namiji zuwa furen mace yadda ya kamata. Da zarar kwanson furen namiji ya fara tsagewa, yanke shi, ka shanya a inuwa, domin rana tana kashe garin.

Idan kwanson mace ya buɗe, kada ka wuce kwana 3. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, ɗauki silin furen namiji 2 ko 3, ka karkaɗa a kan furen mace, ka cusa su tsakiya kai a ƙasa, ka ɗaure sako-sako da ganyen dabino.

In ka makara, 'ya'yan za su fito ƙanana, ba ƙwallo, ba zaƙi. Namiji 1 yana wadatar da mata kusan 50.