Ku duba man birki kafin zafin bazara ya kankama

Jama'a, man birki yana shan danshi a hankali, kuma da zarar ruwa ya taru a cikinsa sai ya riƙa tafasa da wuri, birki ya yi laushi a ƙafa. Sabon man birki nau'in DOT 4 yana jure zafin digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma wanda ya sha ruwa yakan sauko zuwa wajen 155, wanda haɗari ne babba ga mai ɗauko kaya daga Sakkwato zuwa Gusau da tsakar rana. Launi kaɗai bai isa shaida ba. Ku sa bakanike ya tsoma na'urar gwaji, idan ruwan ya kai kashi 3 cikin 100, ko man ya shekara 2, a zuƙe shi duka a zuba sabo daga gorar da ba a taɓa buɗewa ba. Kada a gauraya shi da man birki nau'in DOT 5.