Yadda Ake Yankar Tikitin Ƙasar Waje da Makin Tafiya

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Guangzhou sarin kaya sau uku a shekara, da ɗalibin da ke kai-komo tsakanin Abuja da Alƙahira, da dattijuwar da 'ya'yanta ke kai wa Umara duk azumi, kowannensu yana barin wata 'yar dukiya a hannun kamfanin jirgin sama, kuma da yawansu ba su taɓa komawa sun karɓa ba. Wannan dukiya ita ce makin tafiya, wanda kamfanoni ke ƙirgawa da sunan mil, suna rubuta wa fasinja a asusunsa duk lokacin da ya hau jirginsu. Tsarin ya daɗe, domin tun 1981 kamfanin American Airlines ya buɗe shirinsa na AAdvantage, kuma a yau da wuya a sami babban kamfani da ba shi da irinsa. Tara makin ba shi da wuya. Inda mutane suke tuntuɓe shi ne wajen mayar da shi kujera a cikin jirgi, a ranar da suke so, ba tare da kuɗin da za a caje su a gefe ya cinye ribar ba.

Matakin farko shi ne mutum ya tsayar da asusu guda ya riƙe shi da kyau, kuma wannan ba zai yiwu ba sai ya fahimci ƙawancen kamfanoni. Manyan ƙawance uku ne. Star Alliance, wadda aka kafa a 1997, ta ƙunshi Ethiopian Airlines da EgyptAir da Turkish Airlines da Lufthansa da United. Oneworld, ta 1999, tana da British Airways da Qatar Airways da Royal Air Maroc, wanda ya shiga a 2020 ya zama kamfanin Afirka na farko a cikinta. SkyTeam, ta shekarar 2000, ita ce gidan Air France da KLM da Kenya Airways da Saudia da Delta da Virgin Atlantic. Emirates ba ya cikin ko ɗaya, yana tafiyar da shirinsa na Skywards tare da abokan hulɗar da ya zaɓa da kansa. Amfanin sanin wannan shi ne, wanda ya hau EgyptAir yana iya ba da lambar ShebaMiles ta Ethiopian a zuba masa makin a can, kuma daga baya ya yanki tikitin Turkish da makin da ya tara. Na taɓa ganin wani mai safarar atamfa ya zaro katuna uku daga aljihun babbar rigarsa, dukkansu na kamfanonin ƙawance ɗaya, kowanne da ɗan abin da bai kai tikitin ko'ina ba. Da wuri guda ya riƙa zubawa, da tuni ya je Jidda ya dawo. Makin da aka riga aka zuba a shiri ɗaya ba ya komawa wani, sai a 'yan wurare kaɗan, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne Avios, wanda British Airways ke amfani da shi kuma Qatar Airways ya rungume shi a 2022, ta yadda mai asusu a kamfanonin biyu zai iya haɗa su ya kwashe makinsa daga wannan zuwa wancan ɗaya bisa ɗaya.

Wajen buɗe asusun, sunan da ke cikin fasfo shi za a rubuta harafi da harafi. Wannan magana ta fi shafar mu fiye da kowa, domin mutum guda yana iya zama Muhammad a fasfo, Mohammed a tikiti, Muh'd a katin banki, kuma kwamfutar kamfani ba ta san cewa duk shi ne ba. Ni kaina na rasa makin wata doguwar tafiya saboda an juya sunana da na mahaifina a wurin yankan tikiti, kuma kafin in gama aika takardun gyara wa'adin neman makin ya wuce. Wanda ejan ke yankar masa tikiti ya duba da idonsa cewa lambarsa ce aka sa a cikin bukin, wato rajistar kujerar da aka kama masa, sannan ya adana katin shiga jirgi har sai ya ga makin ya faɗo, tunda shi ne shaidar da ake nema idan bai shiga ba. Akwai kuma bambanci tsakanin makin da ake kashewa da makin matsayi, wanda ke ɗaga mutum zuwa katin azurfa ko na zinariya ya samu ƙarin kaya da ɗakin hutu. Na biyun ba ya sayen tikiti, kuma mutane da dama suna ganin adadinsa su ɗauka sun yi arziki.

To, ga inda aikin yake. Jirgi yana iya tashi rabinsa babu kowa amma a ce maka babu kujerar maki, saboda kamfani yana ware 'yan kujeru ne kawai don masu maki, sauran yana jiran mai kuɗi. A Star Alliance waɗannan kujeru suna ƙarƙashin harafin X a ajin ikonomi da harafin I a ajin bizines, kuma abin da aka saki a waɗannan haruffa shi ne abokan ƙawance ke iya gani su sayar. Don haka ba a fara tsayar da rana sannan a je neman kujera; kujerar ake fara nema, sannan a gina tafiyar a kanta. Yawancin kamfanoni suna buɗe jadawalinsu wata goma sha ɗaya zuwa kusan shekara kafin tashi. British Airways, alal misali, yana buɗewa saura kwana 355, kuma ya yi alkawarin sakin aƙalla kujeru 14 na Avios a kowane jirginsa mai dogon zango daga filin jirgin Heathrow na Landan, takwas a ikonomi, biyu a aji na tsakiya, huɗu a bizines. A hanyar Landan zuwa Legas ko Abuja cikin watan Disamba, waɗannan kujeru ba sa daɗewa. Lokaci na biyu mai kyau shi ne makonni biyun ƙarshe kafin tashi, sa'ad da kamfani ya ga ba zai sayar da abin da ya rage ba, amma wannan na wanda bizarsa ke hannu ne kuma ba shi da ranar da ta zame masa dole.

Dabarar binciken ita ce a yi shi zango-zango kuma hanya ɗaya, wato zuwa kawai ban da dawowa. Mai son zuwa Guangzhou daga Kano ya fara duba Addis Ababa zuwa Guangzhou shi kaɗai, domin dogon zango shi ne mai wuyar samu, idan ya ga ranakun da ke da kujera sai ya dawo ya duba Kano zuwa Addis Ababa da zai haɗu da su. Idan Kano ta ƙi, ya gwada Abuja ko Legas, kamar yadda mutumin Maraɗi zai gwada Yamai da Kano duka biyu. Shafin United yana nuna kujerun Star Alliance da kalanda ta wata guda, na British Airways yana nuna na Oneworld, na Flying Blue, shirin makin Air France da KLM, kuma yana nuna na SkyTeam, saboda haka ana iya leƙawa can ko da ba da makinsu za a saya ba. Kujera ɗaya ko biyu ta fi saurin samuwa fiye da biyar, don haka mai tafiya da iyali ya fara bincike da mutum ɗaya, yana ƙarawa har ya ga inda ta ƙare, sannan ya yanke shawarar ko zai raba ayarin ko zai saya wa wasu da kuɗi. Wani lokaci shafi yakan nuna kujerar da babu ita a zahiri, sai an zo biya ta ɓace. Saboda wannan, kada a kwashe maki daga wani asusu zuwa wani, ko a sayi cikon abin da ya rage, sai an tabbatar da kujerar a shafi na biyu ko ta waya.

Tikitin maki ba kyauta ba ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba sababbin shiga haushi. Harajin gwamnati da kuɗin filin jirgi suna nan daram, sannan wasu kamfanoni suna ɗora nasu ƙarin, wanda ake gani a jikin tikiti da haruffan YQ ko YR, wanda a dā ake kira kuɗin mai. Birtaniya tana karɓar haraji mai nauyi daga yawancin fasinjojin da suka fara tafiyarsu daga filayenta, kuma ya fi tsanani a manyan azuzuwa. Shirin da aka yi amfani da shi ma yana da tasiri, domin United da Aeroplan na Air Canada ba sa ɗora wa mai maki wancan ƙarin na kamfani, alhali wani shirin zai caje shi a kan kujerar nan guda. Lissafin da nake yi kafin in taɓa makina mai sauƙi ne: in cire kuɗin da za a caje ni daga farashin tikitin kuɗi, in raba abin da ya rage da yawan makin. A ƙaddara tikiti dala 900 ne, ana neman maki 45,000 da dala 300. An rage min dala 600, wato kowane maki dubu ya tsaya a kan dala 13 da 'yan kai. A ƙaddara kuma wani tikitin dala 500 ne, ana neman maki 40,000 da dala 320. Nan maki dubu bai wuce dala huɗu da rabi ba, kuma gara in biya kuɗi in ajiye makin. A ganina maki ya fi yin rana a wurare uku: tafiyar hanya ɗaya, wadda tikitin kuɗinta kan yi tsada ƙwarai, da tafiyar gaggawa ta rashin lafiya ko rasuwa, da kujerar bizines a dogon zango ga dattijo ko mai jinya.

Farashin makin kansa iri biyu ne. Wasu shirye-shiryen suna da tsayayyen jadawali na yanki ko na nisa, wasu kuma, irin su Delta da Flying Blue, farashinsu yana hawa yana sauka kamar na kasuwa, ta yadda kujerar da aka gani jiya za ta iya ninkawa yau. Flying Blue yana fitar da rangwame a kan wasu hanyoyi a farkon kowane wata, kuma ya cancanci a riƙa leƙawa. Goman ƙarshe na azumi zuwa Jidda da Madina lokaci ne da kujerar maki ke yin wuya matuƙa, don haka wanda yake da halin yin Umararsa a wani watan zai fi samun sauƙi. Aikin Hajji ta hannun hukumar alhazai kuwa jigila ce ta daban, ba a yankar tikitinta da maki.

Kafin a danna biya, a duba inda za a yada zango. Mai fasfon Najeriya ko na Ghana yana buƙatar bizar wucewa ta filin jirgi a ƙasashen Turai na yankin Schengen, ko da ba zai fita daga filin Paris ko Amsterdam ko Frankfurt ba, sai fa idan yana da abin da ya ɗauke masa, kamar bizar Amurka ko ta Kanada mai rai. Birtaniya ma tana da irin wannan doka. Kwamfutar da ke haɗa zango ba ta damu da launin fasfo ba, tana iya jefa mutum ta biranen Turai, ya je filin jirgi a hana shi hawa. A tanadi katin da zai iya biyan kuɗin waje, domin wasu shafuka ba sa riƙe kujera na tsawon lokacin da za a je neman wani katin. Ana iya yanka wa mata ko mahaifi ko ɗa tikiti da makin mutum a yawancin shirye-shirye, wasu ma suna da asusun iyali da ake tara makin gida wuri ɗaya. Sayen maki daga hannun dillali kuwa ya saɓa wa dokokin kamfanoni, kuma idan suka gane suna soke tikitin su rufe asusun.

Bayan an biya, a tabbatar an samu lambar tikiti mai lambobi 13, domin lambar bukin mai haruffa shida ita kaɗai ba ta nufin an fitar da tikiti. Idan da makin wani kamfani aka hau jirgin wani, kowannensu yana iya samun tasa lambar bukin, kuma ta mai jirgin ake buƙata wajen zaɓar kujera da duba nauyin kayan da aka yarje. Canji ko sokewa kuwa wurin wanda ya fitar da tikitin ake komawa. A riƙa buɗe bukin ɗin duk bayan 'yan makonni, musamman idan an yanka tun da wuri, saboda sauyin jadawali yana iya mayar da zangon awa uku ya koma minti arba'in. Abin da ya rage a asusu kuma a san ranar mutuwarsa: Avios na British Airways yana ƙarewa idan aka yi wata 36 babu shiga babu fita, na Emirates da na Turkish suna da wa'adin kusan shekara uku daga lokacin da aka same su, na Delta da United kuwa ba sa mutuwa.