Yadda ake shuka mamaki, itacen shayin mutanen Hawai, tun daga ƙwaya har tsinkar ganye

Eh sunansa kenan, mamaki, ba wasa nake ba, sai dai su mutanen Hawai suna ɗan jan "ma" ɗin farko. Masana tsirrai kuma suna ce masa Pipturus albidus. Ƙaramin itace ne na dazuzzukan tsibiran Hawai na ƙasar Amurka masu yawan ruwan sama, a can kaɗai yake fitowa da kansa a duk duniya, wani ya tsaya iya tsayin mutum wani kuma in ya samu wuri ya doshi mita 9. Danginsa na wasu ƙasashe suna da gashi mai harbi in ka taɓa, shi kuwa babu ruwansa, lafiya lau zaka shafa ganyen. A da can ɓawonsa ake bugawa a yi tufafin da suke kira kapa, yanzu kuma ganyen aka fi nema saboda shayi, shayin da babu sinadarin hana barci a ciki.

Toh ga yadda ake yi.

Da farko dai wuri. Anan mutane suka fi faɗuwa, sai mutum ya sayo dashe mai kyau ya kafa shi a tsakiyar fili rana na dukansa tun safe har la'asar sannan ya dawo yana cewa itacen bai da ƙwari. Ka tuna a daji gefen manyan itatuwa irin su ohia yake zama, inda ƙasa ke da laima kullum, garin Hilo na can Hawai ma ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 3,000. Don haka ka nema masa inda zai sha hantsi ya samu inuwa da rana tsaka, kuma inda iska bata kaɗawa da ƙarfi domin ganyen faffaɗa ne, iska na yayyaga shi. A kan tudu mai sanyi da hazo yana iya jure rana sosai, amma a gangare kusa da teku inda ake zafi, inuwar nan dole ce.

Sai iri. 'Ya'yansa farare ne masu laushi, ƙwayoyin suna manne a jiki ƙanana ƙwarai, basu kai ko riɗi ba. Ka tsinki waɗanda suka nuna har suna neman narkewa a hannu, ka murje su cikin ɗan kofi da ruwa, ka bari ya kwanta, ƙwayoyi masu kyau zasu nutse ƙasa sai ka tsiyaye na saman a hankali. Kar ka ajiye su wata da watanni, shukawa da ɗanyensu ya fi.

Ka samu faffaɗan mazubi mai huji a ƙasa ka zuba ƙasar reno mai laushi gauraye da baƙar tsakuwar dutse mai aman wuta, wadda a Hawai ba wahalar samu take ba, ka jiƙa ta, sannan ka barbaza ƙwayoyin a sama. Kar ka binne su. Wallahi wannan shine kuskuren da hannu ke yi da kansa saboda mun saba da tona rami, amma ƙwayar mamaki haske take so kafin ta tsiro, danna ta kawai zakayi da yatsa. Ban ruwa kuma da abin feshi, in ka kwarara da buta duk zasu taru a gefe guda. Ka ajiye a inuwa mai haske, cikin sati 2 zuwa 3 zaka fara ganin ɗan kore-kore, wasu kuma su makara, ka ƙyale su.

In sun yi ganye kamar huɗu sai ka raba su kowanne da ledarsa, ka ɗago da ƙasar jikinsa don saiwar siririya ce. Ana iya yanko reshe ma a kafa amma ni dai na fi yarda da ƙwaya. Da ya kai kamu ɗaya zuwa biyu ya isa shiga ƙasa, ka bari sai an yi ruwa ko da yamma, ka bar tazarar kamar mita 2 tsakaninsu, kuma ka dasa fiye da guda ɗaya in kana son 'ya'ya domin wani itacen furen namiji kawai yake yi wani na mace.

Maganar ruwa kuwa sai an yi hankali, baya son ƙishi baya kuma son zama cikin taɓo. Ka tura yatsa cikin ƙasar, in da sanyi-sanyi ka barshi, in ta fara bushewa ka bashi. Ka lulluɓe gindin da busassun ganye amma kar su taɓa jikin itacen, kuma banda noma da fartanya kusa da shi saboda saiwarsa a sama-sama take, ciyawa da hannu ake cirewa. Taki kaɗan ya isa, takin gargajiya da ya ruɓe sosai.

Yanzu ga inda nafi so a natsu. Wata rana zaka ga an naɗe gefen ganye kamar 'yar bukka da tsutsa a ciki, kar kayi saurin ɗauko maganin feshi. Wannan tsutsar malam-buɗe-littafin Kamehameha ce, wanda jihar Hawai ta ɗauka a matsayin ƙwaron jiha a 2009, ɗaya ne cikin irin malam-buɗe-littafi biyu kacal 'yan asalin tsibiran, kuma mamaki ne babban abincin 'ya'yansa. Wadda ake tsoro daban ce, tsutsar wani faɗa-wuta ɗan Asiya da ake ce wa "ramie moth" a Turance, da aka fara gani a tsibirin Maui a 2018, in ta girma baƙa ce da rawaya da ɗigo-ɗigon ja a gefe, in ka matso sai ta ɗaga kai tana karkaɗa jiki har tana tofi, kuma tana iya cinye ganyen itace tas. Matsalar suna ƙanana suna ɗan kama da juna, don haka in ka rikice ka ɗau hoto ka tura wa ma'aikatan gona kafin ka kashe komai.

Tsinkar ganye sai itacen ya kai kamar shekara ya yi ƙarfi. Ka riƙa ɗiban manya kaɗan-kaɗan daga kowane reshe, kar ka yi masa ƙwal-kwabo, in kuma ka datse kan sai ya yi rassa ya tsaya inda hannu ke kaiwa. Wanki kuma ba na wasa ba, ganye ɗaya-ɗaya gaba da baya a ƙarƙashin famfo, domin dodon koɗi a Hawai na ɗauke da wata tsutsar huhun ɓera mai taɓa ƙwaƙwalwar mutum, musamman a tsibirin da ya fi girma cikin tsibiran Hawai. Bayan nan ka shanya a inuwa inda iska ke ratsawa har ya yi ƙaras-ƙaras, ka zuba a kwalba mai murfi. Ganye biyar ko shida a tukunyar ruwa ya isa, ka tafasa ka sauke ka rufe, in ka barshi ya jima sai ruwan ya yi ja-ja ya ƙara daɗi, da sanyi ma ana sha.