Yadda ake haɗa fim mai waƙoƙi a ƙauye da ƙaramin jari

Fim mai waƙoƙi, in jarin kaɗan ne, a wuyan mutum uku yake: marubuci, darakta da furodusa. Duk abin da za su yi gardama a kai, su gama shi kafin kyamara ta bar Kano. Idan sai an isa lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ake musun wace waƙa za a fara ɗauka, janareta na shan mai a banza, rana kuma ba ta jiran kowa.

Ku fara da zama ɗaya, ku uku, da takarda da biro. Furodusa ya faɗi ainihin abin da ke hannunsa, ya bar lissafin kuɗin da wani alhaji ya yi alkawari. Daga nan marubuci zai san iyakarsa: gida biyu, gona, bakin rijiya, 'yan wasa kaɗan. A zaman nan ne za a rubuta haƙƙin kowa, ko kuɗin hannu ne ko kaso, da tashar YouTube ɗin da za a ɗora fim ɗin, da wanda ya mallaki waƙoƙin. Zumunci ba ya hana rubutu.

Sai rubutu. Marubutan a gaskiya biyu ne, mai labari da mai waƙa, kuma kuskure ne kowa ya yi nasa a ɗakinsa. Waƙar da aka liƙa don kawai a ga rawa ɓarnar kuɗi ce. Ga gwajin da nake ba mutane: cire waƙar ka karanta labarin. In bai rasa komai ba, ba a buƙatarta. Amma ɗauki yarinyar da za a aurar bayan kaka, saurayinta kuma zai tafi cirani. Waƙar bankwana ɗaya, shi da baiti ita da baiti, za ta faɗi abin da fitowa uku na surutu za su faɗa, ta rage maka yinin aiki guda. Waƙa uku sun isa fim irin wannan.

Mataki na gaba shi ne sitidiyo, kuma dole ya riga ɗaukar hoto. A Kano, yankin Zoo Road ne matattarar masu wannan sana'a. Mai fiyano zai haɗa kiɗa, mawaƙi da mawaƙiya su ɗora murya. Tunda labarin na ƙauye ne, a nemi mai kalangu ko mai gurmi na gaske ya shigo ko da a waƙa ɗaya ce, kunne yana jin bambancin. Da an gama, a tura wa jarumai waƙoƙin a waya tun da sauran kwanaki, su haddace. Jarumar da ba ta riƙe baiti ba, mamin ɗinta, wato motsa baki tana bin waƙar da aka riga aka rera, zai fito kamar mai tauna cingam, edita kuma ba shi da maganin wannan.

Kafin a ɗaura kaya a mota, akwai ƙofofi biyu. Ta farko Hukumar Tace Fina-Finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Ana rajista da ita, kuma sai ta duba fim kafin a sake shi. Darakta ya tsara sutura da rawa da sanin haka tun farko, ba taɓa juna tsakanin namiji da mace, don kada a yanke abin da aka kashe wa kuɗi. Ta biyu masu gari, a Kano ne ko a Jigawa. A bi ta hannun mai unguwa zuwa ga dagaci, da ɗan goro. A faɗa masa ƙarara: “Ranka ya daɗe, akwai waƙa da rawa a ciki, ga inda muke so mu yi.” A sanar da liman ma. Wanda ya ɓoye zancen rawa, ranar da sifika ta tashi zai yi bayani.

Lokaci mafi kyau shi ne ƙarshen damina, daga Satumba zuwa farkon Oktoba, dawa ta yi tsayi, ko'ina kore. Hazon hunturu yana mayar da sama fari fat, zafin bazara kuma yana narkar da kwalliya. Duwatsun Dutse da na Birnin Kudu da bakin dam ɗin Tiga duk suna kyau a hoto, sai dai kowace tafiya kuɗin mota ce. Gara ƙauye ɗaya da za a iya zagaye wurarensa da ƙafa. A kauce wa ranar kasuwa.

Ranar ɗaukar waƙa, a fito da hantsi, a sake fitowa bayan la'asar. Tsakar rana ta maganganun cikin zaure ce. A kunna waƙar a sifika, wani ya yi tafi ɗaya a gaban kyamara kafin kowane ɗauka, don edita ya sami wurin daidaita hoto da sauti. A bi ta baiti-baiti: daga nesa sau ɗaya, sannan kusa da fuskar kowa. Farin kwali babba yana mayar da haske kan fuska idan babu fitila. Ƙarar janareta ba ta damun waƙa, amma lokacin magana a kai shi bayan katanga da doguwar waya. Wani ya riƙa ɗaukar hoton ɗaurin ɗankwali da karin hula a wayarsa, domin gobe ba wanda zai tuna gefen da suka karkata. Yaran gari za su taru ko an ƙi ko an so. Da izinin iyayensu, a sa 'yan matan su yi gaɗa a baya, a sallame su a ranar.

Kowane dare a kwafe aikin wuri biyu kafin a kwanta. A biya mai abinci da mai gidan da aka ara kafin mota ta tashi. Bayan edita ya gama kuma hukuma ta tace, a fara sakin waƙa ɗaya ta yi wa fim ɗin talla, tare da sunan wanda ya rubuta ta da na mawaƙan da aka ji muryarsu.