Yadda za ka tada kyamara a draiba ba tare da ta shanye batir ba

Abin da ke cin batir a ƙananan na'urori masu kyamara ba lokacin ɗaukar hoto kaɗai ba ne, har da zaman banzan da sensa, wato ɓangaren kyamara da ke ɗaukar hoton, ke yi a kunne tun daga tashin na'ura, ba mai kallonta ba mai amfani da ita. Draibobi da yawa, wato kod ɗin da ke sarrafa sensa, haka aka rubuta su, probe, wato ɓangaren draiba da ake fara kira in an gano sensa, ya kunna komai ya tafi abinsa. To ga yadda ya kamata a yi a Linux.

Da farko ka san sensa ba layin wuta ɗaya take ci ba, yawanci uku ne. Ɗauki sensar OV5640, tana da DOVDD na ƙafafun shiga da fita mai volt 1.8, da AVDD na ɓangaren analog mai 2.8, sai DVDD na cikinta mai 1.5. IMX219 ɗin da ke kyamarar Raspberry Pi ta biyu ita kuma 2.8 da 1.8 da 1.2 take so. Bayan wuta akwai kilok, wato siginar da ke tsara mata lokaci, da ake ba ta daga waje, galibi megahaz 24, sai ƙafar reset da ta powerdown. Duk waɗannan suna da jerin da ake bi kuma datashit, wato takardar bayanin sensa daga kamfanin da ya ƙera ta, shi ne alƙali, kar ka kwafo jerin wata sensa ka ce ai duk ɗaya ne.

Ka rubuta power_on guda da power_off guda, kowa ya bi ta nan. A power_on ka riƙe sensa a reset, ka kunna layukan wuta, ka saki kilok da clk_prepare_enable, sannan ka saki powerdown da reset. A OV5640 ana jira kamar milisakan 5 bayan wuta ta zauna kafin a saki powerdown, milisakan 1 kafin reset, sai milisakan 20 kafin ka yi mata magana ta I2C, layin da ake aika mata umarni. In ka yi gaggawa shiru za ta yi maka ka ɗauka ta ƙone alhali ba ta gama farkawa ba ne. Ka yi jiran da usleep_range, kar ka sa mdelay ya tsare furosesa yana juyi a wuri ɗaya yana shan wuta. Wani abu kuma da mutane ba sa lura, regulator_bulk_enable ba ya maka alkawarin wane layi zai fara tashi, in sensarka mai tsauri ce a kan jeri sai ka kunna su ɗaya bayan ɗaya da hannunka. power_off kuwa juya jerin kawai za ka yi.

Yanzu probe. Aikinsa kaɗan ne, ya kunna, ya karanta lambar shaidar sensa, ya tabbatar ita ce, ya kashe. A OV5640 lambar tana rijista, wato ma'ajiyar ƙima ta cikin sensa, mai adireshi 0x300A da 0x300B, kuma 0x5640 za ka gani. Kar ka zuba mata dogon teburin rijistocin nan a probe, da zarar wuta ta ɗauke duk sun goge, aikin banza kenan. Bayan karatun ka kira pm_runtime_set_active tunda a kunne take, sai pm_runtime_enable, sai pm_runtime_idle don kanel, wato zuciyar Linux, ya kashe ta da kansa. Ka tuna ka kira pm_runtime_enable kafin ka yi rijistar subdev ɗin, wato kafin ka gabatar da sensa ga tsarin bidiyo na Linux, don da zarar ka yi rijista wani zai iya zuwa ya nemi hoto nan take.

Lokacin da aka nemi bidiyo sai pm_runtime_resume_and_get, a nan ne za ka rubuta teburin rijistoci da yanayin hoto, ka kira __v4l2_ctrl_handler_setup ya mayar da hasken da saitin da mai amfani ya zaɓa, sannan ka saki hoto. In an tsaya sai pm_runtime_put_autosuspend. Ni dai ina ganin jinkirin milisakan 1000 ya isa, draibobi da yawa shi suke sawa, saboda manhajar kyamara takan tsaya ta canza girman hoto ta sake farawa kuma ba dalilin kashe wuta a wannan ɗan tsakanin. Tsohuwar hanyar s_power kuwa an daina so, kar ka gina sabon draiba a kanta.

Inda ake yawan zubar da batir ba a sani ba shi ne s_ctrl, ɓangaren draiba da ake kira in an canza saiti. Manhaja ta canza haske sensa tana kashe, sai draiba ya tada ta don rubuta rijista ɗaya tak. Haba. Ka sa pm_runtime_get_if_in_use, in ta ce a kashe take ka dawo abinka, V4L2, tsarin bidiyo na Linux, ya riga ya adana ƙimar, za a rubuta ta in an fara ɗauka.

A laftof masu ACPI, tsarin da ke kula da wutar na'urorin kwamfuta, akwai ƙarin magana, kunna sensa a probe yana sa 'yar fitilar nan da ke nuna kyamara na kunne ta yi walƙiya duk tashin na'ura, mai ita ya tsorata ya ɗauka ana leƙensa. Shi ya sa aka kawo I2C_DRV_ACPI_WAIVE_D0_PROBE, draiba ya duba acpi_dev_state_d0, in ba a kunne take ba ya ɗage karanta lambar shaida zuwa ɗauka ta farko.

Daga nan ka auna, kar ka yarda da kod kawai. Duba power/runtime_status na na'urar a sysfs, wato babban fayil na /sys, ya kamata ka ga suspended in ba a ɗauka. Sa mita a layin AVDD, sa osiloskof a ƙafar kilok ka ga ta kwanta. In ka kashe DOVDD amma har yanzu kana ganin ɗan volt a kansa, duba resistocin da ke jan SDA da SCL, wayoyi biyu na I2C, sama, mai yiwuwa a wani layin wuta aka ɗaura su, wuta na zurarewa ta diyod ɗin kariya na ƙafafun sensa ta koma ciki, wani lokacin ma ta danne layin I2C gaba ɗaya sauran na'urorin da ke kansa su daina amsawa. Wannan gyaran bod ne, a draiba abin da ya rage maka shi ne ka bar DOVDD a kunne, ka kashe AVDD da DVDD da kilok in datashit ya yarda da hakan, ka riƙe ta a powerdown.